Abin da Ya Shaƙe Injin

Mani ya ɗora sifana a kan notin farko. Kwana tara ke nan injin tafkin Alhaji Maharazu bai juya ba, kuma kwana tara ke nan da aka tsamo gawar yayansa Rabo daga cikin ruwan.

Tafki dai sunan da mutanen Ketare suka laƙaba masa ne. Wani makeken kwami ne na siminti a bayan gida, zurfinsa ya shanye dogon mutum har da saura. Alhaji ya samu kwangilar hanya a shekarun nan da kuɗin man fetur suka juya wa mutane kai, sai ya gina shi don Turawan da ke yi masa aiki su riƙa iyo. Wannan fa a garin da fari ya sa mata ke wuni a bakin rijiya saboda tulu ɗaya.

Mani bakanike ne a Kankara, injin niƙa ya sani. Wani Bature ne ya nuna masa aikin injin tafkin: ruwa ya biyo bututu, ya ratsa kwandon tace datti, farfela ta tura shi ya koma tas. Duk Asabar Mani yakan zo a kan babur ya wanke kwando, ya shafa giris, ya ɗebo wani farin gari mai hawa kai daga durom ya watsa a ruwan don kada ya yi gansakuka.

Shi ya nemo wa Rabo gadin gidan, bayan gero ya ƙone masa a gona shekara biyu a jere. Rabo ba ya tsoron ɓarawo. Damtsensa da ƙugunsa cike suke da kambu da guru: na ƙarfe, na maciji, na kunama. Kowace masifa ka ambata, zai nuna maka layarta. Ruwa kaɗai ke kada masa gaba, ko rafin da bai kai gwiwa ba sai ya zagaya. Idan Mani na aiki, daga nesa yake tsugunawa yana jero tambayoyi, Mani na amsa masa a gajarce.

Shi ya sa Mani bai yi shakka ba ko na minti ɗaya. Rabo ba zai shiga ruwan nan da ƙafarsa ba. Tura shi aka yi.

Ya kuma san wanda ya tura shi. Kwanaki kaɗan kafin abin ya faru, Alhaji ya ce yaransa za su zo hutu daga Kaduna, ba ya son mai gadin da yaro zai faɗa ruwa yana tsaye yana salati. Kafin ya rufe baki, Sha'ibu kuku ya ce ai yana da ƙane wanda ya iya iyo kamar kifi. A gaban Mani, Rabo da Sha'ibu suka yi cacar baki, Rabo na cewa abincin iyalinsa ake son cirewa daga bakinsu. Ranar Juma'a kowa ya tafi masallaci, gidan ya rage daga Rabo sai Sha'ibu a kicin. Da aka dawo, gawar Rabo aka tarar a tafkin.

Mani ya gaya wa 'yan sanda duk wannan, har ya ɗan ƙara gishiri. Ya rantse ya ji Sha'ibu na cewa sai ya jefa Rabo a tafkin. Da aka ce ai an tarar da rigar mamacin a ninke a bakin ruwa, takalmansa a jere a kai, Mani ya ce makircin kuku ne. Yanzu Sha'ibu na tsare a Kankara, an ce ko miƙewa ba ya iyawa don duka, gobe kuma za a wuce da shi Katsina. Matarsa ta zo gareji ta durƙusa a cikin baƙin mai tana kuka, Mani bai ko dube ta ba. Gaskiya ma daɗi ya ji.

Notin ƙarshe ya fita. Ya ɗaga murfi, ya zaro kwandon. Ganye ne kawai da matattun ƙwari, bai isa ya tsayar da inji ba. Ya juya farfela da yatsa, lafiyarta lau. To, matsalar na cikin bututun da ke zuƙo ruwa.

Ya lanƙwasa waya ya zura. Ta tafi kamu biyu ta tokare. Ya murɗa, ya ja, abin ya ƙi. Ya sake ja da ƙarfi, sai ga shi ya fito tare da koren ruwa mai wari.

Batta ce, 'yar ƙarama. Ya gane ta nan take, ita ce Rabo ke zuba garin tabarsa. Amma an toshe bakinta da kakin zuma, an kuma ɗinke ta da sabon zaren fata irin na rataya laya a wuya. Zaren ya tsinke daga wajen ƙulli. Ɗinkin kuwa na Rabo ne, karkatacce, kamar yadda yake yi wa dukkan layunsa.

Mani ya zauna a ƙasa. Ya sa farce ya ɓamɓare kakin, yana zaton zai ga rubutun wani malami. Warin ne ya fara dukan hancinsa. Ya zazzage battar a tafin hannu, farin gari ya zubo, ya soma yi masa raɗaɗi a fata. Ya waiwaya ya dubi durom ɗin da ke kusurwa, murfinsa a karkace.

Sai Asabar ɗin ƙarshe kafin rasuwar Rabo ta dawo masa. Rabo na tsugune can nesa, jim kaɗan bayan maganar Alhaji, ya nuna durom ɗin da haɓa ya ce, "Wai Mani, wanga farin gari mi ne ne?" Shi kuma yana fama da giris, ko kai bai ɗaga ba ya ce:

"Maganin ruwa ne, Yaya. Sai an sa shi ake shiga."