Ɓarawon Man Ɗantani

Allurar gejin mai ta sake sauka, Ɗantani kuwa ya tabbata ba nan ya bar ta jiya ba. Ya daki sitiyari har hon ya yi kuka.

Direba ne, kullum yana jigila daga Ƙaura zuwa Shinkafi, kuma ba ya wasa da mai. Tun da bakanike ya gaya masa motocin yanzu ba sa buƙatar dogon ɗumi, ya daina barin inji yana gurnani a tsaye. Sai ya tayar da motar, ya ja a hankali, ta ɗau zafi a hanya. Motar ma ta ba shi haɗin kai, duk sanyin safiya bugu ɗaya take tashi, har kyanwar gidan ta mai da bonet wurin kwana. Amma mai sai zurarewa yake, abin ya ishe shi.

Zarginsa ya faɗa kan Muttaka, maƙwabcinsa kuma abokinsa tun ƙuruciya, mai sabon babur, wanda ana sallame Asuba yake ficewa daga masallaci ya bar Ɗantani kan lazimi. Da ya tare shi, Muttaka ya ce masa ya fara bincika nasu gidan tukuna. Wannan magana ta ƙona masa rai, gaisuwa ta mutu tsakaninsu.

A zaure ya zazzage wa mahaifinsa komai. Mahaifin tsohon direban babbar mota roka ne, ciwon gwiwa ya hana shi masallaci. Ɗantani ya ɗaga hannu ya ja wa mai shanye masa mai Allah ya isa, duniya da lahira. Tsoho ya shafa addu'a ya ce amin.

Ya sa wa tanki kwaɗo. Washegari allura ta sauka, kujera ma an matso da ita gaba, don raini.

Ranar Laraba ana sallamewa ya riga Muttaka fita, ya zari gora. Tun daga kwana ya jiyo injinsa yana ruri, ana taka totur ba tausayi. Ya fizge ƙofa, gora a sama.

"Mi za ka yi da sanda?" in ji mahaifinsa, tsohon makulli na lilo a jikin sitiyari. "Bari ta ƙara ɗumi. In ba don ina tashe maka ita kullum ba, da tuni sanyi ya kashe motag ga."