Wa Zai Zauna da Umma?

Auta ta cire farin takalmin aikinta a bakin ƙofa, ta tarar da Umma tana ninke kaya a falo.

"Umma, na yanke shawara. Ba zan tafi ba."

Kwana da kwanaki tana juya abin a ranta. Wani babban asibiti mai nisa ya ɗauke ta aikin nas. Albashinsa ya fi na nan nesa ba kusa ba, ga gida kyauta, ga kwas ɗin ungozoma da ta daɗe tana buri. A nan kuwa, ko alawus sai an kai ruwa rana. Amma tun rasuwar Abba su biyu ne a gidan.

Umma ta ajiye zanen hannunta. "Saboda ni?"

"Ba zan iya barin ki ke kaɗai ba."

"Ke, rufa mini asiri ki haɗa kayanki!" Umma ta kawar da kai tana ƙunshe dariya. "Mai shagon maganin bakin titi ya daɗe yana neman aurena. Ni nake ta ba shi haƙuri, wai ba zan iya barin Auta ita kaɗai ba."