Ɗari da Talatin da Takwas a Zango na Uku

Toktosun ya sauko daga kan dokinsa Karager a zango na uku na gasar tsere, ƙafarsa ta ɗan yi masa gardama. Ya ɗora laifin a kan likkafa. Kilomita sittin ke nan a baya, saura ashirin, kuma cikin mahaya arba'in babu wanda ya ga ko ƙurarsa. Shekarunsa sittin da tara, ya kuma rantse a gaban surukansa cewa bana zai dawo ƙauye da tutar gasar.

Abin da ya rage shi ne tantin likitocin dabbobi. A zamaninsa doki ne ke faɗa wa mutum ya gaji. Yanzu kuwa 'yan birni sun kawo littafi mai shafi talatin: a duba dasashi, a saurari hanji, bugun zuciya kada ya wuce sittin da huɗu. Duk wannan gata na doki ne. Mahayi layi ɗaya aka ba shi, ya sa hannu cewa komai ya same shi ruwansa. Toktosun ya sa hannun bai karanta ba, don tabaransa na gida. Wa ya taɓa ganin jarumi da gilashi?

Naman tunkiyar da ya ci da safe ya tsaya masa a ƙirji. Hannunsa na hagu ma ya yi tsami, linzami ne ba shakka.

Likitan da ya fito Esenbek ne, ɗan marigayi abokinsa, wanda jiya-jiya yake yawo ba wando. Ya kama hannun tsohon da hannu biyu kamar yadda ake gaida manya. Ya tambayi gida, ya tambayi tumaki, ya tambayi baba tsohuwa, ya sake komawa kan tumaki, yana satar kallon agogo. Toktosun ya ce a ransa, boko bai hana yaron nan ladabi ba, surutu dai ya ƙara masa.

Sannan Esenbek ya kara abin awo a haƙarƙarin Karager, ya yi rubutu a kati.

"Ɗari da talatin da takwas, Baba. Tafiya ta ƙare a nan."

"Kai, ubanka bai bar maka kunne ba ne? Dubi dokin nan, ciyawa yake ci!"

Ciyawar kuwa yake ci, hankali kwance. Toktosun ya nemi a kira babbar alƙaliya. Ta zo, ta saurari dokin, ta dubi katin, ta dubi Esenbek, ta ce hukunci ya tabbata. Mahayi na biyu ya wuce su yana ɗaga bulala. Baƙin ciki ya tokare tsohon har gumi ya jiƙa hularsa, ga iskar dutse kamar ƙanƙara. Ya kira su ɓarayin zaune, ya ce an saye su, ya ce zai kai ƙara har inda ƙara ta ƙare.

Esenbek bai musa ba. Ya ce doka ta ba shi damar kai ƙara, amma cikin awa ɗaya, kuma a gari. Ga mota nan, ga katin. Toktosun bai taɓa ganin azzalumi mai saurin taimaka wa wanda ya zalunta irin wannan ba. Direban ma gudu yake kamar shi aka cuta.

Suka tsaya a wani farin gini mai warin magani. Toktosun ya dangwara wa matar da ta tare su katin, ya fara zayyano asalin Karager tun daga kakarsa. Matar ta karanta, ta ɗago, ta ƙwala kira a kawo gado.

"Gadon me? Ƙarar doki na kawo."

"Dokinka hamsin da biyu aka rubuta masa, Baba, lafiyarsa ƙalau," in ji ta, tana kwance masa maɓallin riga. "Ɗari da talatin da takwas ɗin a gaban sunanka yake."