Ɗigo Biyu

Inna, mahaifiyata, ba ta iya rubutu ba, amma ita ke tsara waƙoƙin wa'azin da matan unguwarmu ke rerawa a Wurno. Wata la'asar ta zauna bayan asabari tana faɗa, Baffa, wan mahaifina, yana rubutawa da ajami. Ina gefensa riƙe da kurtun tawada.

Ta rufe da baitin ƙarshe: "Mai waƙar ga ta gode Allah."

Lokacin na fara haɗa baƙi, na san ɗigo biyun "ta" sama suke zama. Baffa ya sa su ƙasa, "ta" ta koma "ya".

Na ce, "Baffa, ka yi kure."

Ya harare ni. "Ke mi kika sani? Wa za shi karanta waƙar mace a zaure?"

Inna ta tambaya ko lafiya. Ya ce, "Lahiya lau, tawada ta ɗiga."

Na yi shiru, kuma har yau ban yafe wa kaina ba. Ana rera waƙar har Goronyo, ana nema wa Baffa gafara. In aka zo baitin, ni kaɗai ke cewa "ta", kuma da ƙarfi nake faɗa.