Jerin Mai Walda

Sai da ƙanwarsa, malamar firamare, ta nuna masa wayarta a shagon walda ya gane jerin darussan da ya adana a intanet ba a kulle yake ba, kowa na iya gani. Wata shida yana tara darussan lissafi a manhajar adana shafuka, a ɓoye, kada a ce wanda ya gudu daga aji uku ya dawo lalube. Ƙarƙashin kowane darasi ya rubuta yadda ya gane shi da awon rodi.

"Gogewa zan yi," in ji shi, kansa a ƙasa.

"Haba Yaya! Ɗalibaina sai da rodinka suka gane rabi da kwata. Suna tambaya, yaushe malamin zai saka na gaba?"

Ya kashe injin waldar.

"Ce musu Litinin."