Aksil ɗin Motar Kawu Sale

Ina 'yar shekara tara na kai wa Baba abincin rana a rumfarsa ta walda a Kurudu. Na tarar da Kawu Sale, ƙanin mamana, ya kawo tsohuwar motarsa ta ɗaukar doya da 'yan kasuwa. Bututun aksil ɗin baya, ƙarfen da ke riƙe da tayoyi, ya tsage, baƙin mai yana ɗiga, yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai.

Baba ya shafa tsagar ya ce, "Sale, ƙarfen nan ya gaji. Ko na ƙara masa wani, ba zai ɗauki lodinka ba."

"Yaya, gobe kasuwa. Ka taimaka, sau ɗaya kawai."

Baba ya ƙi. Ni kuwa ina son Kawu, sai na ce, "Baba, ka yi masa mana."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya yanko ƙarfe ya walde a kan tsagar.

Washegari aksil ɗin ya karye a hanyar Sheda. Kawu ya rasu tare da mata biyu 'yan kasuwa da ya ɗauko.

Har Baba ya bar duniya bai taɓa tuna mini maganar nan ba. Yau ni kaɗai na san na faɗe ta.