Ƙarar da Ta Ƙi Barin Lasifika

Kwana tara Injiniya tana farautar wata siririyar ƙara a direban sauti, wato manhajar sarrafa lasifika, da ta rubuta wa kernel, zuciyar tsarin kwamfuta. Jibi za a miƙa aikin.

"Matsalar DMA ce," ta ce wa abokin aikinta Dogo. "Na'urar tana kwasar sauti kai tsaye daga ma'adanar kwamfuta, tana maimaita tsohon guntu."

Ta sauya adireshin sautin a ma'adanar, ta faɗaɗa wurin ajiyar. Ƙarar tana nan, tsiii, kamar kukan sauro.

"Wai kai ba ka ji? Kunnen ado gare ka?"

Dogo bai yi dariya ba. Ya ɗago wayar lasifikar, tana reto.

"Yaya, tun jiya na zare ta."

Ta toshe kunnuwanta da yatsu. Ƙarar ta ƙaru.